Ɗigon da ya tsaya a ƙofar Abdulmutallib

Hajiya Hajo tana sayar da albasa a kasuwar Adjamé tun kafin a haifi yawancin masu sauke mata kaya. Manyan motoci ne ke kawo mata daga Galmi da Madawa, a jibge a magazanta, wato shagon ajiyar kayanta, daga nan a raba wa 'yan kasuwa da gidajen abinci da masu garba, wato masu sayar da dafaffen garin rogo da soyayyen kifi. Da mijinta Alhaji Zainulabidin ya rasu, mutane sun zaci za ta rufe. Ba ta rufe ba. Abokin cinikin marigayin ne dai, Alhaji Abdulmutallib, ya ware ya buɗe nasa magaza a unguwar Treichville, ƙetaren gada, ya kuma tafi da rabin masu sayen kayansu tun ba ta fita takaba ba. Tun daga nan, in aka ambaci sunansa a gabanta sai ta juya ta hau gyara bakin buhu.

Mai raba mata kaya shi ne Mika'ilu, ɗan ƙanwar marigayin. Daga Tawa aka kawo shi yana ƙarami, ita ta riƙe shi, ta yi masa aure, ta ba shi ɗakuna biyu a gidanta. Kullum da safe yakan loda bashe, motarsu ta a-kori-kura, ya ƙetare gada zuwa Treichville, ya zaga kasuwa da lungunan masu garba, ya dawo bayan la'asar. Mutum ne marar yawan magana. In ka tambaye shi yaya hanya, "lafiya" kawai zai ce.

Bayan an sace motar wani maƙwabcinsu, 'yarta Yasmin, wadda ke aikin na'ura a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ta sa aka liƙa wa bashen baliz, wata 'yar na'ura da ke faɗin inda mota take. Ta saka wa uwarta taswira a waya. Hajiya da farko ta ce ita ba ruwanta da wannan, daga baya kuma ya zama ba ta iya cin abincin rana sai wayar na jingine da kwano, tana kallon shuɗin ɗigo yana rarrafe a kan titunan Treichville.

Da damina ta kama, sai ɗigon ya sake hali. Ya daina rarrafe. Sai ya tsaya cik, can kuma ya yi tsalle ya faɗa wani wuri. In ya shiga Treichville kuwa, wuri ɗaya yake zama, ya daɗe bai motsa ba. Hajiya ta buɗe taswirar da yatsu biyu kamar yadda aka koya mata, ta duba layin, ta duba kwanar. Ba ta bukatar kowa ya karanta mata. Ta taɓa zuwa ƙofar nan sau ɗaya, ranar da ta je ta faɗa wa Abdulmutallib abin da ke ranta.

Washegari ɗigon ya koma can. Jibi ma haka.

Da Mika'ilu ya dawo yana wanke hannu a bakin famfo, ta ce, "Yau ina da ina ka zaga?"

"Inda aka saba, Inna. Kasuwa, sai masu garba na bayan masallaci, sai matar nan mai gidan abinci."

"Ba ka tsaya ko'ina ba?"

"Na yi azahar, na ci abinci."

"A ina?"

Ya ɗago ya dube ta. "A masallaci na yi salla. Wani abu ya faru ne?"

"Tambaya ce kawai," in ji ta.

Ta lura da yadda ya ɗan yi jinkiri kafin ya amsa. Ta kuma lura bai faɗi inda ya ci abincin ba. Daga ranar ta fara ganin abubuwan da da ba ta kula da su. Ya sayi sabon takalmi. Yakan fita tsakar gida in zai amsa waya. Matarsa Hafsatu, da ta saba zama hira da ita bayan magariba, yanzu da ta gaishe ta sai ta ce yaro na kuka. Akwai ranar da ɗigon ya nuna motar a tsakiyar lagun, babban ruwan da ya ratsa garin, gefen gada, ya yi zamansa can kamar kwalekwale. Hajiya ta ce a ranta, to, ya fara taɓa na'urar ke nan.

Ba ta gaya wa Yasmin ba. Yasmin da Mika'ilu tare suka tashi, kwano ɗaya, kuma ta san kafin ta rufe baki maganar ta isa kunnensa.

Ana haka wani babban mai garba da ya daɗe yana ɗaukar albasa a wurinta ya aiko cewa kada a kawo masa wannan makon. Bai faɗi dalili ba. Maƙwabciyarta Kande mai tumatir ta ce ta ji an ce Abdulmutallib na neman direban da ya san masu saye. Hajiya ta tambaye ta a ina ta ji. Kande ta ce a bakin mutane.

Ranar Laraba, bayan bashen ya tafi, Hajiya ta bar magaza a hannun mai gadi, ta yafa mayafin da ba ta cika sawa ba, ta hau tasin woro-woro zuwa Treichville. Ta sauka nesa kaɗan, ta taka zuwa layin. Akwai wata mai soya aloko, wato ayaba, daura da ƙofar Abdulmutallib. Ta sayi na ɗan kaɗan don a ba ta benci, ta zauna, ta fito da waya.

Ɗigon na tafe. Ya yi tsalle daga gada, ya sake tsalle, sannan ya dira daidai kan magazan. Ta ɗaga kai. Titi ba bashe. Wata kura ce kawai cike da buhunan gawayi, da 'yan makaranta suna wucewa. Amma ƙofar magazan babba ce ta ƙarfe, a rufe, kuma ta san akwai fili a ciki da zai ɗauki mota uku. Ta tuna akwai wata ƙofar ta baya.

Ta jira har alokon ya huce a hannunta. Ɗigon bai motsa ba. Ta miƙe ta ƙetare titi ta buga ƙofar.

Abdulmutallib na zaune a kan kujerar roba a inuwar rumfa, ya tsufa fiye da yadda ta zata, gemunsa duk ya yi fari. Da ya gan ta sai ya cire tabarau.

"Hajiya Hajo? Lafiya dai? Bismillah, ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba, Alhaji. Motata nake nema."

"Motarki?"

"Da yarona. Suna ina?"

Ya dubi ma'aikatansa, su ma suka dube shi. Filin ba komai sai buhunan albasa da wani tsohon babur. Ta miƙa masa wayar har kusa da hancinsa. Ya mayar da tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan gidana ne, gaskiya," ya ce. "Amma ni rabona da Mika'ilu tun jana'izar Malam Ɗan Azumi. Duba ko'ina. Ku buɗe mata ɗakin ajiya."

Ta duba. Ta leƙa ɗakin ajiya, ta leƙa ƙofar baya, wadda ta tarar an toshe ta da bulo tun ba yau ba. Ma'aikatan sun daina aiki suna kallonta. Ta kira Mika'ilu a gabansu.

"Kana ina?"

"Bayan kasuwa, Inna, muna sauke wa mai gidan abinci."

Ta ji hayaniyar kasuwa a bayansa. Ta kashe wayar. Abdulmutallib ya raka ta har ƙofa, ya ce a hankali, "Hajiya, in kina zargina da wani abu, ki faɗa."

"Na faɗa tun tuni," ta ce, ta fita.

A hanyar komawa ta yi ta juya abin. In motar ba ta can amma na'urar na can, to wani ne ya cire ta ya ajiye a can. Wa zai cire? Kuma don me zai ajiye ta a gidan Abdulmutallib in ba ya shiga gidan? Ta tuna yadda tsohon ya daɗe yana kallon wayar, ta ce wannan duban na mai neman abin da zai faɗa ne.

Da yamma ta sa aka kira Mika'ilu ɗakinta. Ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsu.

"Tun yaushe kake zuwa wurin Abdulmutallib?"

"Wurin wa?"

"Kada ka mayar da ni yarinya. Tun farkon damina nake kallonka. Kullum can kake yini."

"Wallahi, Inna, ban taɓa taka gidan nan ba."

"Kar ka rantse. Ga shi nan a rubuce." Ta nuna masa kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya, ɗigon na zaune wuri guda. "Me ya yi maka alkawari? Mota? Ko mutanena kake kai masa ɗaya ɗaya?"

Ya ɗauki wayar ya duba, ya ajiye.

"Ni ban san yadda abin nan ke aiki ba," ya ce. "Na san inda na je. Ki tambayi masu saye."

"Waɗanda kuka haɗa baki da su?"

Can ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin bashen ya ajiye kusa da wayar.

"Tun ina shekara nawa nake gidan nan, Inna?"

"Shi ma Abdulmutallib ya daɗe yana cin tuwon gidan nan."

Ya tashi ya fita. Kafin ƙarshen mako ya kwashe Hafsatu da yara zuwa wurin wani abokinsa a Treichville. Da Hajiya ta ji unguwar da ya koma, ta ce wa Kande, "Kin gani ko?"

Yasmin ta zo tana faɗa, rabi Hausa rabi Faransanci, amma uwar ta ce maganar kasuwa ce, ba ta 'yan ofis ba, ta ƙi nuna mata komai.

Aka ɗauki sabon direba, Sa'ad, wanda limamin unguwa ya kawo. Bai san kowa a Treichville ba, sai da aka haɗa shi da mai nuna masa hanya. Hajiya da kanta ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kujerar bashen ta tabbatar baliz na nan a liƙe, ta sa aka ƙara ɗaure ta da waya. Motar ta tashi. Ta jingina wayarta da kwano.

Ɗigon ya ƙetare gada, ya yi tsalle, ya dira a ƙofar Abdulmutallib.

Ta kira Sa'ad nan take. Ya ce yana bakin kasuwa. Ta ce ya ba mai sayen waya. Matar ta karɓa ta gaishe ta, ta ce ga albasa ana saukewa. Hajiya ta kashe, ta zauna tana kallon bango. Tunani iri iri suka zo mata. Ko tsohon ya saye wannan ma tun kafin a kawo shi. Ko limamin na ciki. Ko asiri aka yi wa motar. Har ta fara tunanin wane malami za ta nema, sannan ta kira Yasmin.

Ranar Asabar Yasmin ta zo da na'urarta ta aiki a jaka. Ta ce uwar ta shiga gaban bashen, ita ta zauna a tsakiya, Sa'ad ya ja. Ta buɗe taswirar a wayar uwar, ta buɗe wata a tata wayar, ta riƙe su gefe da gefe. A tata, ɗigon na bin titi sannu a hankali. A ta Hajiya yana tsaye, sai an yi tafiya mai ɗan nisa ya yi tsalle. A kan gada ya faɗa ruwa.

"Kin ga mun nutse, Maman," in ji Yasmin. Hajiya ba ta yi dariya ba.

Suka shiga Treichville. Suka tsaya bakin kasuwa, ɗigon na ƙofar Abdulmutallib. Suka zaga bayan masallaci, yana nan. Suka je gidan abincin, bai gusa ba. Yasmin ta sa Sa'ad ya faka a inuwa, ta haɗa na'urarta, ta yi ta danne danne, ta kira wani a kamfanin da ya sayar da baliz ɗin suka yi ta magana da Faransanci, muryarta na hawa. Da ta gama ta juyo da allon wajen uwarta.

"Duba nan. Baliz ba ta san sunan titi ba, lamba take aikawa. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Ga ɗaya daga cikin na inda muke yanzu." Ta nuna 5,30917. "Wannan ita baliz ta gani, daidai ne. Ga kuma abin da ya iso wayarki." Ta nuna 5,30859. "Ga ta bakin kasuwa ɗazu, 5,31002. Me ya iso? 5,30859. Ga ta masallaci. Ita ma haka."

"Wa ya canza su?"

"Ba wanda ya zauna ya canza. Farkon damina kamfanin ya sake tsarin aikawa don saƙon ya ƙanƙance, kada ya ci kuɗin rezo, wato intanet, da yawa. Gurbin da suka bar wa lambar ya yi mata kaɗan, ba ya ɗaukar wutsiyarta duka. Sai a tura ta ga lamba mafi kusa da gurbin zai iya riƙewa. Kamar a ce ba ki da ma'auni sai buhu. Wanda ya kawo buhu da ɗan ƙari, buhu za ki ce. Wanda nasa ya ɗan gaza, shi ma buhu. A albasa ƙila ba komai, amma a nan ɗan abin da ke faɗuwa a wutsiyar lamba layuka ne masu yawa. Duk wannan yankin, daga kasuwa har bayan masallaci, wuri ɗaya yake zama a wayarki."

"Kuma wurin ya rasa inda zai faɗa sai ƙofar mutumin nan?"

"Dole ya faɗa ƙofar wani, Maman. Da ta faɗa kan shagon mai aski ba za ki ko kula ba. Ko a Adjamé ai ba a magazanki yake nuna motar ba, bayan layi yake nunawa."

Hajiya ta san da wannan. Ta ɗauka can Mika'ilu ke ɓoye motar in zai yi waya.

Ta sake duban lambobin. Sa'ad ya sauka ya ba su wuri. Can ta ce, "To yanzu ke da kika iya, mayar da wutsiyar. Duba min kwanakin da yake tuƙi, ki faɗa min ainihin inda ya je."

"Ba za ta dawo ba. Abin da aka yanke kafin a aiko bai iso ko'ina ba. Baliz ɗin ma ba ta ajiye na baya."

"Ke nan ba za ki iya ce min bai shiga gidan ba."

Yasmin ta rufe na'urar da ƙarfi. "Abin da zan iya ce miki shi ne yana cikin unguwar da kika aike shi. Ni ma yau ina ƙofar Abdulmutallib, ke ma haka. Sauran kuma ke kika rene shi, ba ni ba."

Hajiya ta kwana biyu ba ta ta da maganar ba. Ta aika a tambayi mai garban da ya daina saye, aka ce rumfarsa hukuma ta rushe wajen gyaran titi, yana neman sabon wuri. Ta tambayi Kande wa takamaimai ya ce Abdulmutallib na neman direba, Kande ta ce ita fa ba ta riƙe ba. Takalmin da wayoyin tsakar gida kuwa, ba wanda za ta tambaya.

An gaya mata Mika'ilu na jan tasi daga tashar Bassam. Ta je da hantsi. Ta same shi a layin motoci yana goge gilashi, ana kiran fasinja. Da ya hango ta ya ajiye tsumman ya zo ya rusuna ya gaishe ta kamar kullum, ya samo mata kujera wurin mai shayi.

"Yasmin ta gaya maka?" ta ce.

"Ta kira ni."

"Na'urar ce ta lalace."

"Haka ta ce."

Ta gyara mayafi. Ba ta saba da irin wannan maganar ba, kalmomin suka yi mata nauyi. "Na faɗa maka abin da bai kamata ba. Ka yi haƙuri. Ka dawo ka karɓi makullinka."

"Na rantse miki da Allah a ɗakinki, Inna, kika ce kar in rantse."

"Na sani."

"Da Yasmin ba ta gano ba fa?"

Tambayar da ta zo da ita tun daga gida tana bakinta, ko sau ɗaya ya taɓa shiga gidan, ko don gaisuwa. Ta dube shi, ta haɗiye ta.

Ya ce ya yi wa mai tasin alkawarin zai kai masa ƙarshen wata, ba zai saɓa ba. Aka kira layinsa, ya tashi, ya biya mai shayi kafin ta hana shi.

Da wata ya ƙare ya dawo ya karɓi bashen, Sa'ad ya koma ɗaukar kayan cikin Adjamé. Kamfanin ya gyara tsarinsa bayan Yasmin da wasu masu motoci sun matsa, ɗigon ya koma bin titi. Amma Mika'ilu bai mayar da iyalinsa gidan ba. Ya kama haya a Treichville, ya ce ya fi kusa da makarantar yara. Da sassafe yake ƙetarowa ya loda kaya, da la'asar ya kawo motar ya ajiye, ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya tafi. Ranar Juma'a Hafsatu kan kawo yaran su yini. Ɗakunan nan biyu Hajiya ta hana a zuba kaya a ciki, ta ce a bar su a share.